Mintocin Kawu

Litinin, 7:20 na safe

An ba ni agogo. Ba na ɗaurawa a hannu ba, na ratayawa a wuya, mai maɓalli guda: ka danna ya fara ƙirga, ka sake dannawa ya tsaya. Manaja ne ya miƙo mini da hannunsa, ya ce daga yau ni ce idon kamfani a ƙasa. Ƙasa a wurinmu ita ce inda ake yanka fata a ɗinka jakunkuna. Sama kuwa mu ne, masu kujera mai juyawa da na'urar sanyi.

Aikin ba wuya, in ji shi. An ba ni sashen yanka da na ɗinki. In tsaya bayan kowane ma'aikaci awa guda, sau uku. Muddin hannunsa na kan kaya, agogo na tafiya. Ya ɗaga hannu, in tsayar. Wanda mintocinsa suka fi ƙaranci a kowane sashe, sababbin masu kamfani za su... nan ya dakata ya gyara tabarau, ya ce na dai gane. Na gane. Su masu kamfanin ba wanda ya taɓa ganin ko ƙeyarsu, saƙonsu kawai ke zuwa.

Watana huɗu a nan, ba a ma tabbatar da ni ba. Babban mai yankan fata a ƙasa kuwa Kawu ne, yayan mahaifiyata, wanda a gidansa na tashi. Manaja bai san wannan ba. Tun ranar da na fara aiki Kawu ya ja mini kunne cewa da zarar mun shigo ƙofar kamfani, ni ma'aikaciya ce, shi ma'aikaci.

Ban damu ba. Shekararsa talatin da ɗaya a kan teburin nan. Ban damu ba ko kaɗan.

Talata, 1:15 na rana

Kafin rana ta take sun raɗa mini suna: Mai Agogo. Dogo ne ya fara, mai yanka na biyu, mutum mai 'ya'ya biyar da baki kamar rediyo. Ya tambaye ni in ya yi atishawa zan tsayar ne ko zan yi masa uzuri. Na ce ya danganta da ko ya saki wuƙa. Matan ɗinki suka yi ta dariya, amma na lura ba wadda ta matsa mini wuri a benci kamar yadda suka saba.

Dogo ya samu minti hamsin da ɗaya cikin sittin. Hannunsa ba ya hutawa, haka ma kwandon da ke ƙarƙashin teburinsa. Tun kafin sha biyu ya cika da guntayen fata.

Laraba, 4:50 na yamma

Yau na tsaya bayan Kawu.

Na girma ina jin ƙanshin fata a rigunansa, amma ban taɓa tsayawa na ga yadda yake aiki ba sai yau, kuma na ji kunyar haka. Ya ɗauko fatar saniya ya shimfiɗa, ya shafe ta da tafin hannu sau ɗaya daga wuya zuwa wutsiya. Na danna. Sai ya ɗauke hannu, ya ja da baya, ya goya hannayensa. Na tsayar. Ya tsaya yana kallonta. Ya zaga gefen taga, ya ɗan rusuna don ya ga yadda haske ya kwanta a kanta. Ya dawo. Ya sake zagawa. Ni da agogo muna jira.

Da ya ƙoshi da kallo sai ya ɗauki alli, ya yi 'yar da'ira nan, ya ja layi can, sannan ya ɗauki wuƙa. Wallahi ban taɓa ganin aiki mai kyau irin wannan ba. Ba ya bin layi sau biyu. Gaban jaka, bayanta, murfi, aljihu, igiyar rataya, duk suka fita daga fata guda, abin da ya faɗa kwando bai cika tafi biyu ba.

Na tambaye shi da muryar ma'aikaciya me yake kallo haka. Ya amsa mini da muryar ma'aikaci. Nan tabon kaska ne. Can inda wayar shinge ta taɓa kartar saniyar ne tun tana da rai. Fatar ciki kuwa miƙewa take yi, in ka fitar da igiyar rataya daga nan, wata uku jaka za ta sauko wa mai ita har gwiwa. Daga gadon baya ake yanko igiya. Duk wannan ni ban ga komai ba, fata ce kawai ja mai sheƙi.

Lambar da agogo ya ba ni tana cikin fayil. Ba zan rubuta ta a nan ba.

Alhamis, 7:05 na safe

Wataƙila fatar jiya ce mai wuyar sha'ani. Akwai sauran zagaye biyu.

Juma'a, 12:30 na rana

Ina cin abinci a teburina sai na tuna wani malaminmu na tattalin arziki a jami'a, ɗan tsamurmurin mutum mai son raba allo gida biyu. A hagu ya rubuta aikin da ke haifar da kayan da ake sayarwa. A dama ya rubuta aikin tsaro, da ƙirga, da sa ido, da talla. Ya ce na dama ba banza ba ne, ana buƙatarsa, amma daga tukunyar na hagu yake ci. In dama ta yi ta kumbura hagu na ramewa, abin da ya kamata a sayi sabon inji da shi sai ya tafi ciyar da masu kallo, sai ka ga kamfani, ko ƙasa sukutum, ta tsaya cak alhali kowa na ta zufa. Na ci jarrabawar nan da maki mai kyau, har Kawu ya kai takardar wurin aiki yana nuna wa mutane.

Na leƙa rajista. Ranar da na zo, mutum sittin ne a ƙasa, sha ɗaya a sama. Yau hamsin da biyu ne a ƙasa, sha tara a sama, har da sababbi biyu masu agogo irin nawa. Kekunan ɗinki uku sun lalace tun kafin in zo, suna nan an lulluɓe su da leda, wai babu halin gyara.

Na san a wane gefen allo nake.

Litinin, 3:40 na yamma

An kafa allo a bakin ƙofar shiga, sunan kowa da mintocinsa. Dogo ne a sama. Tun daga nan ba wanda ya sake sakin kaya. Dogo har ban-ɗaki yake shiga da zaren fata a yatsa, wai shi da fata mutuwa ce kaɗai za ta raba su. Matan ɗinki suna hira suna shafa jaka kamar masu lallashin jariri. Manaja ya sauko ya zaga, ya ce ya ga ci gaba.

Mai sito kuwa ya ja ni gefe ya ce jakunkunan da suka shigo wurinsa makon jiya ba su kai na wancan makon ba. An kuma dawo da wasu kwalayen jakunkuna daga wurin masu saye, an jibge su a bayan sito an rufe da tamfol. Na tambayi dalili, ya ɗaga kafaɗa.

Sunan Kawu shi ne na ƙarshe. Ya tsaya ya karanta allon daga sama har ƙasa, ya gyaɗa kai, ya wuce teburinsa. Ko a jikinsa.

Talata, 5:10 na yamma

Zagaye na biyu. Ana cikin awar Kawu sai Dogo ya kira shi ya duba masa wata fata da ta shige masa duhu. Kawu ya bar teburinsa ya tafi, ni kuwa na tsayar da agogo. Minti bakwai ya yi a can, ya nuna wa Dogo inda zai juya ma'aunin da ake ɗorawa a bi gefensa a yanka, ya samu ƙarin aljihu biyu. Na juya fom gaba da baya, babu gurbin da zan sa mintocin nan bakwai.

Laraba, 7:10 na safe

Ban damu ba. Kaina ne dai ke ciwo.

Asabar, 5:30 na yamma

Na je gidan Kawu. Inna, matarsa, ta tare ni tun daga tsakar gida da tsokana, wai ga Mai Agogo ta zo auna mata wanke-wanke, to in rubuta cewa hannunta bai bar kwano ba shekara arba'in. Ashe labari ya riga ni isowa.

Na same shi yana shan shayi. Na roƙe shi abu ɗaya: in yana kallon fata, ya ɗora yatsa guda a gefenta. Yatsa guda tak. Ba ƙarya ba ce, doka ta ce hannu a kan kaya. Ya ce daga kusa ba a ganin fata, sai ka ja baya kake ganinta gaba ɗaya. Na ce to ya ja bayansa, ni kuma in na zo rubutawa sai in ɗan... ban ƙarasa ba. Ya ajiye kofi.

"Uwata," ya ce. Haka yake kirana a gida, da yake sunan mahaifiyarsa aka sa mini. "Mu huɗu ne a sashen yanka. In kika ɗaga ni, wa za ki danna ƙasa? Dogo mai 'ya'ya biyar, ko wanda matarsa ke kwance a asibiti? Ki rubuta abin da kika gani."

Na ce abin da na gani ba shi agogo ya gani ba.

"To wannan ki gaya musu da bakinki. Kada ki sa agogo ya yi ƙarya."

Na ce masa taurin kai ne, na faɗa kuma da muryar da ban taɓa yi masa magana da ita ba. Ya yi murmushi ya ce a wurin takwarata ya gada. Na fito ina jin haushinsa har wuya, ina kuma ji a raina cewa ban san mutum irinsa ba.

Litinin, 11:30 na safe

Zagaye na uku. Kawu ya ja da baya, ya goya hannu, ya zaga gefen taga, daidai yadda ya saba. Ko sau ɗaya bai waiwayo ya dube ni ba, na kuma san don ya sauƙaƙa mini ne.

Talata, 10:40 na safe

Na miƙa fayil.

Na kuma faɗa da bakina. Na roƙi Manaja ya sauka ya leƙa kwandon kowa, ya ga wanda ke zubar da fata da wanda ba ya zubarwa. Ya saurare ni har ƙarshe, ba mugun mutum ba ne. Ya ce ya yarda da ni, amma fom daga masu kamfani ya zo, babu layin kwando a ciki. Ya ce shi ma aiko shi aka yi.

Laraba, 7:00 na safe

Maigidana yana ɗaura takalmi ya gaji da ganin fuskata a murtuke, sai ya ce wai mu na sama wa ke tsayawa bayanmu da agogo? Na bi mutanen sama a raina ɗaya bayan ɗaya. Babu. Agogo ba ya hawa matakala.

Nan take dabara ta faɗo mini, har na kusa mantawa da jakata don sauri.

Laraba, 4:30 na yamma

Shafi uku na rubuta. Na ce kamfani na buƙatar Jami'in Sa Ido kan Ingancin Yanka, mutum mai dogon sani, mai kujera a sama. Na sa sunan Kawu. Manaja ya karanta fuskarsa ta washe, ya ce masu kamfani ba abin da suke so irin sa ido.

Juma'a, 2:20 na rana

An amince. Kwana biyu kacal. Kekunan nan uku suna can cikin ledarsu, amma sabon muƙami kwana biyu ya ɗauka. An cire sunan Kawu daga allo, ba a kuma sallami kowa a sashen yanka ba tunda mutum guda ya ragu. Albashinsa bai taɓu ba.

Na sauka na gaya masa, ina ta washe baki kamar wadda ta tsinci dami a kala. Ya ɗago kai ya saurare ni. Sannan ya ce Allah Ya yi mini albarka, ya koma kan fatarsa. Inna ta bugo waya tana ta sa mini albarka har na ji kunya.

Na ci nasara. Na rubuta don in riƙa tunawa: na ci nasara.

Litinin, 1:00 na rana

Kawu ya hau sama yau da riga mai guga. An ba shi tebur kusa da babban gilashin da ake hango ƙasa ta cikinsa, da biro biyu, da tulin fom. Za a riƙa kawo masa jakar da aka gama ɗinkawa, ya duba, ya sa alama a ɗaya daga cikin akwati uku: mai kyau, matsakaiciya, a gyara. Ya tambayi Manaja cikin ladabi, bayan an yanka an ɗinke, me ya rage a gyara? Manaja ya yi dariya ya ce zai saba.

Kowa a ofis yana girmama shi. Shi kuwa har wanda bai kai sa'an ɗansa ba ranka ya daɗe yake ce masa. Ya riƙe biro can ƙasa kusa da baki, yadda yake riƙe alli.

Talata, 4:55 na yamma

Sau huɗu Kawu ya goge teburinsa yau.

Laraba, 12:10 na rana

An fara sabon zagaye, ina bayan Dogo, wanda aka ba teburin Kawu. Ya shimfiɗa fata ya ɗora ma'aunin igiya nan take, a kan ciki. Ni da ban san komai ba makonni uku da suka wuce, na gane. Na ɗaga kai na hango Kawu a jikin gilashi yana ƙwanƙwasawa, ba mai jin sa saboda ƙarar kekuna. Sai ya ɓace daga gilashin. Ban san mutum mai shekarunsa zai iya sauko matakala da sauri haka ba.

Ya riƙe wuyan hannun Dogo, ya juya fatar, ya zaro alli daga aljihun rigarsa mai guga. Ashe yana yawo da shi. Layi ɗaya ya ja.

Dogo bai yi wasa ba yau. Ya ce a hankali, "Na san ciki ne, Baba. Agogo ne a bayana."

Ni ce a bayansa.

Manaja ya iso. Ya yi bayani ba tare da ɗaga murya ba, cewa jami'in sa ido ba ya taɓa kaya, hakan na ɓata awo. In ya ga kuskure ya rubuta rahoto, za a duba a taron ranar Litinin. Kawu ya tambaye shi kafin Litinin fata nawa za a yanka. Manaja ya gyara tabarau, ya ce zai bincika.

Alhamis, 10:15 na safe

Kawu ya tsayar da ni a tsakiyar matakala, inda ba na sama ba na ƙasa ke jin magana. Ya ce ya miƙa takardar ajiye aiki, gobe ce ranarsa ta ƙarshe.

Na ce masa duk abin da ke bakina. Na ce shafi uku na rubuta dominsa. Na ce mutane na neman kujerar nan ido rufe. Na ce Inna fa, me za su ci?

"Kin nemo mini albashi, Uwata, kuma har in mutu ba zan manta ba. Amma ban iya zaman kashe wando ba. Ba zan zauna a bayan gilashi in ci daga gumin Dogo ba, ina kallo yana ɓata fata don tsoro, ni kuma an hana ni taɓawa."

Ya ce ido na nan, hannu na nan, akwai masu ƙananan shaguna da suka daɗe suna roƙonsa ya riƙa yanka musu. Ban sani ba ko gaskiya ne ko don in yi shiru ne. Na yi kuka a matakalar ofis, ya tsaya ya kare ni da jikinsa har na share fuska.

Da na koma teburina na tarar da ambulan. An tabbatar da ni, an yaba mini da ƙwazo.

Juma'a, 6:15 na yamma

Ƙarfe huɗu da 'yan mintoci mai gadi ya bugo ofis. Ya tsayar da Kawu a ƙofa. Sabuwar doka ce, ba abin da zai fita sai da takarda. Manaja ya tafi taro, ni kuwa tun jiya na zama mai ikon sa hannu, don haka ni na sauka da fom.

An zazzage jakarsa a kan teburin mai gadi: kofi, dutsen wasa wuƙa, da wuƙar. Tasa ce, da ita ya zo ranar da ya fara aiki, ƙotarta ta cinye daidai wurin yatsunsa. Mai gadi, wanda ya san shi shekara ashirin, sai ba shi haƙuri yake yi yana kallon ƙasa. Kawu ya ce masa aikinsa yake yi, ya yi shi da kyau. Mutanen ƙasa sun fito sun yi cirko-cirko a bakin sashe, har Dogo.

Na cika sunan kaya. Na cika sunan mai kaya. Layi na uku tambaya ce: shin kayan na da amfani ga aikin kamfani? In na ce e, wuƙar ta zauna, sai kwamiti ya duba. In na ce a'a, ta fita, amma sai na rubuta dalili da hannuna.

Ban san tsawon lokacin da na tsaya da biro ba. Ba wanda ya gaggauta ni.

Na rubuta: A'a. Ba ta da amfani a nan, ba a buƙatarta. Na sa hannu.

Kawu ya ciro tabaraunsa, ya karɓi takardar, ya karanta a hankali har ƙarshen layi. Ya miƙa wa mai gadi. Ya naɗe wuƙar a tsumma ya mayar jaka, sannan ya dubi agogon bangon ɗakin gadi.

"Ya yi, Uwata," ya ce, a gaban kowa. "Koma bakin aikinki, ba a tashi ba tukuna."

Na hau sama na zauna a kujerata har biyar ta buga. Ban yi komai ba, ba kuma wanda ya tambaye ni.